Tasirin iyali a kan barcin matasa

Tasirin iyali a kan barcin matasa fanni ne na bincike da ke duba yadda zaman gida ke shafar lokacin kwanciya da tsawon barci da ingancinsa ga masu shekara 13 zuwa 19. Abin da ake nufi da zaman gida a nan ya haɗa da dokokin iyaye, da ɗakin da ake kwana, da ayyukan da ake ɗora wa yaro, da irin jituwa ko rashinta da ke tsakanin mutanen gidan. Likitocin barci da masana halayyar ɗan Adam da masana zamantakewa duk suna aiki a fannin. Abin da akasarin bincikensu ya nuna shi ne, balaga tana jinkirta lokacin da jikin matashi ke neman barci, wannan kuwa ba a hannun iyaye yake ba. Amma lokacin tashi, da hasken da ke ɗaki da dare, da hayaniya, da waya, da kwanciyar hankali, kusan duk a gida ake yanke su, kuma su ne ke nuna ko jinkirin zai tsaya a matsayin ɗan sauyi ko zai zama ƙarancin barci na kullum.

Kalmomi

Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta keɓanta ga mai shekara 13 zuwa 19. Ana kiran mai shekara 30 matashi, saurayi da budurwa kuma sun fi nuni ga rashin aure fiye da yawan shekaru. A wannan maƙala, matashi na nufin wanda ya shiga balaga amma bai kai shekara 20 ba, mace ko namiji.

Akwai kuma bambanci tsakanin kwana da barci. Kwana shi ne shafe dare, ko an runtsa ko ba a runtsa ba, shi ya sa ake iya cewa mutum ya yi kwanan zaune. Kalmar ce kuma ake ƙirga ranaku da ita, kuma ita ce a gaisuwar safe. Barci, wanda wasu ke rubutawa bacci, shi ne halin da jiki ke shiga. Wannan bambanci yana da amfani wajen karanta sakamakon bincike, domin iyaye sukan san lokacin da yaro ya shiga ɗaki ne kawai, ba lokacin da barci ya ɗauke shi ba, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce inda yawancin matsalar take. Ƙailula, wato barcin tsakar rana, aro ce daga Larabci. Gyangyaɗi da angaje barci ne da ke zuwa ba a shirya masa ba, makara kuma ita ce wuce lokacin tashi.

Abin da balaga ke yi wa barci

A shekarar 1982 Alexander Borbély na Jami'ar Zurich ya bayyana cewa abubuwa biyu ne ke tafiyar da barci. Na farko shi ne nauyin barci da ke taruwa a jiki tun daga lokacin da mutum ya farka, wanda ke da alaƙa da taruwar sinadarin adenosin a ƙwaƙwalwa. Na biyu shi ne agogon jiki, wanda ke zagayawa cikin kusan awa 24, kuma haske ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, wata ƙaramar halitta a tsakiyar ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa dare ya yi.

Dukansu biyu suna sauyawa da balaga. Mary Carskadon, wadda ta fara wannan aiki a Jami'ar Stanford a shekarun 1970 tare da William Dement kafin ta koma Jami'ar Brown, ta riƙa kawo yara ɗakin gwaji shekara bayan shekara tana ba su damar kwanciya ta awa 10. Ta ga cewa suna yin barcin awa 9 da 'yan mintuna, kuma wannan adadi bai ragu ba da suka girma. Wato matashi bai rage buƙatar barci ba kamar yadda ake zato a lokacin. A 1993 ita da abokan aikinta suka nuna cewa son jinkirta kwanciya yana tafiya da matakin balaga. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa melatonin yana fitowa a makare a jikin wanda ya balaga, nauyin barci kuma yana taruwa a hankali fiye da na ƙaramin yaro. Shi ya sa ɗan shekara 16 ke iya kaiwa ƙarfe 11 na dare ido biyu, alhali ƙanensa ɗan shekara 9 ya daɗe da ɓingirewa a kan tabarma.

Till Roenneberg na Jami'ar Munich ya tattara bayanan dubban mutane a Turai, ya wallafa a 2004 cewa jinkirin yana ƙaruwa har ya kai ƙololuwa wajen shekara 19 da rabi ga mata, wajen 21 ga maza, daga nan sai ya fara komawa baya. Shi da abokan aikinsa ne kuma suka yi wa tazarar da ke tsakanin lokacin barcin ranakun aiki da na ranakun hutu suna, suka kwatanta ta da jigatar da matafiyi ke yi idan jirgin sama ya kai shi ƙasar da agogonta ya bambanta da na gida.

Kwalejin Likitancin Barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa masu shekara 13 zuwa 18 su riƙa samun barcin awa 8 zuwa 10 a cikin kowace awa 24. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta yi a 2015 ya nuna cewa kusan 7 cikin 10 na ɗaliban babbar sakandare ba sa kaiwa awa 8 a daren da za a wayi gari a tafi makaranta.

Gado

Hanya ta farko da iyali ke shiga barcin yaro ita ce jini. A 2001 Ying-Hui Fu da Louis Ptáček da abokan aikinsu suka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PER2 a cikin wata zuriya a jihar Utah, wadda mutanenta ke jin barci tun da farkon dare su farka tun kafin asuba. A 2017 Alina Patke da Michael Young na Jami'ar Rockefeller suka gano wani sauyi a ƙwayar CRY1 da ke yin akasin haka, yana jinkirta barcin masu ɗauke da shi. A shekarar ce Young ya samu kyautar Nobel tare da Jeffrey Hall da Michael Rosbash saboda aikinsu a kan agogon jiki. Irin sauyin zuriyar Utah ba shi da yawa, amma binciken tagwaye ya nuna cewa son sammako ko son raba dare yana da rabo na gado a cikin jama'a baki ɗaya. Uban da ke faɗa da ɗansa a kan makara yana iya zama shi ya gadar masa.

Dokar kwanciya

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi yin nazari a kansa. Iyaye da yawa suna daina sa wa yaro lokacin kwanciya da zarar ya shiga sakandare, a daidai lokacin da jikinsa ya fara jan sa zuwa tsakar dare.

James Gangwisch na Jami'ar Columbia ya wallafa wani nazari a mujallar Sleep a 2010, wanda ya duba bayanan matasa 15,659 a Amurka tare da iyayensu. Waɗanda iyayensu suka bar su har ƙarfe 12 na dare ko bayan haka sun fi waɗanda aka sa wa ƙarfe 10 ko kafin nan yiwuwar fama da ciwon damuwa da kashi 24 cikin 100, sun kuma fi su yiwuwar tunanin kashe kai da kashi 20 cikin 100. Wani abu da nazarin ya fito da shi, wanda ya saɓa wa zaton mutane, shi ne yawancin matasan sun ce suna bin lokacin da aka sa musu. A 2011 Michelle Short da Michael Gradisar na Jami'ar Flinders da ke Adelaide a Ostareliya suka samu sakamako mai kama da wannan: ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na matasan da suka bincika ne ke da dokar kwanciya a gida, kuma waɗannan suna samun ƙarin barci na kimanin minti 20 a kowane dare, suna kuma da ƙarancin gajiya da rana. Minti 20 ba ya cika ido, amma a mako ɗaya na makaranta ya haura awa ɗaya da rabi.

Masu binciken Adelaide sun kuma lura cewa waɗanda aka tura ɗaki da wuri ba su fi sauran daɗewa kafin barci ya ɗauke su ba. Ma'anar wannan ita ce matasa da yawa suna wuce lokacin da jikinsu zai iya barci, ba don agogon jiki ba, sai don babu wanda ya ce su kwanta. Amma dokar tana da iyaka. Idan aka tilasta wa wanda agogonsa ya yi nisa sosai ya kwanta ƙarfe 9, zai yi ta juyi ne a kan gado, kuma yawan yin haka na iya sa ƙwaƙwalwa ta haɗa shimfiɗa da rashin barci.

Emma Adam ta Jami'ar Northwestern ta yi amfani da littafin da iyalai ke rubuta yadda suke kashe lokacinsu, ta wallafa a 2007 cewa a cikin ƙananan yara, kusanci da tausayin iyaye ne ke tafiya da ƙarin barci, a cikin matasa kuwa tsayayyun dokokin gida ne. Lokacin da ake ɓatawa wajen zama a ci abinci shi ma ya tafi da ƙarin barci. Ba a ɗauka cewa abincin ne da kansa ke kawo barci ba. An fi ganin cewa gidan da ake cin abincin dare a lokaci ɗaya kullum, gida ne da sauran abubuwansa ma ke da lokaci.

Barcin iyaye da zaman lafiyar gida

Yaro yana bin abin da ya ga ana yi. Andrew Fuligni na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya bi wasu iyalai 'yan asalin Meziko, inda matashi da mahaifi ko mahaifiya ke rubuta lokacin barcinsu kullum na tsawon mako biyu. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa a daren da iyaye suka kwanta da wuri, yaran ma sukan kwanta da wuri, a daren da suka raba dare yaran ma haka. Wannan tafiya tare ta fi ƙarfi a gidaje masu yawan jama'a da kuma inda yaro ke jin iyayensa na tsaye a bayansa.

Barci yana buƙatar mutum ya saki jiki ya daina sa ido a kan abin da ke kewaye da shi, wanda ke jin tsoro kuwa ba ya iya yin haka. A kan wannan ne Mona El-Sheikh ta Jami'ar Auburn da ke Alabama ta gina aikinta. Ta riƙa ɗaura wa yara wata na'ura mai kama da agogon hannu da ke auna motsi da dare, ta kuma nuna tun 2006 cewa yaran da iyayensu ke yawan rikici suna da gajeren barci mai yawan katsewa. Ba lallai sai an yi faɗan da dare ba. Zullumin ko auren zai ɗore, ko za a sake yin rigima gobe, yana bin yaro har shimfiɗa.

David Maume, masanin zamantakewa a Jami'ar Cincinnati, ya bi kusan yara 1,000 daga shekara 12 zuwa 15. A wannan tsakani barcinsu na daren makaranta ya sauka daga sama da awa 9 zuwa ƙasa da awa 8. A rahotonsa na 2013 ya ce dangantakar yaro da iyayensa da abokansa ta fi matakin balaga bayyana wanda barcinsa ya fi lalacewa, kuma rabuwar iyaye da raguwar sa idonsu suna cikin abubuwan da suka fi tasiri. Wannan bai rushe aikin Carskadon ba. Balaga tana tura kowa, amma ba kowa take kai wa wuri ɗaya ba.

Abin yana kuma juyowa ta ɗaya ɓangaren. Matashin da bai samu barci ba yana da saurin fushi, yana makara, aikin gida yana yi masa nauyi, sai a yi masa faɗa, faɗan kuma ya sake hana shi barci. Da yake yawancin waɗannan nazarce-nazarce na lura ne ba na gwaji ba, suna nuna cewa abubuwa biyu na tafiya tare, amma ba kullum suke iya tantance wanda ya haifi wani ba.

Waya da haske

A 2016 Ben Carter na King's College da ke Landan ya haɗa sakamakon nazari 20 da suka shafi yara da matasa sama da 125,000. Masu amfani da waya a lokacin kwanciya sun ninka sauran wajen yiwuwar rashin samun isasshen barci. Har waɗanda wayar ke ɗakinsu kawai ba tare da sun taɓa ta ba, barcinsu ya fi na waɗanda babu ita a ɗakin lalacewa. Hasken fuskar waya yana iya jinkirta melatonin, kuma an nuna cewa waɗanda ke farkon balaga sun fi jin tasirin hasken dare. Sai dai masana da dama na ganin an cika ɗora laifi a kan hasken. Babbar ɓarnar ita ce lokacin da wayar ke ci, da yadda hira ko wasa ko bidiyo ke tayar da hankali, da jiran amsar saƙo.

Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Adelaide, wanda aka wallafa a 2019, ya nemi matasa su ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya na tsawon mako guda. Waɗanda suka yi sun samu ƙarin barci na kimanin minti 20. Amma kaɗan ne daga cikin waɗanda aka gayyata suka yarda su shiga gwajin tun farko, abin da ke nuna cewa da wuya matashi ya ajiye wayar don kansa.

Wasu ƙasashe sun gwada karɓar wannan aiki daga hannun iyaye. Koriya ta Kudu ta kafa doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe. Yara da yawa sun zagaye ta da lambar shaidar iyayensu, kuma a 2021 gwamnati ta yanke shawarar soke ta, ta mayar da zaɓin ga iyaye.

Wurin kwana

Yawancin shawarwarin da ke littattafan likitanci suna ɗauka cewa matashi yana da ɗakinsa shi kaɗai, mai duhu da sanyi da shiru. Mafi yawan matasan duniya ba haka suke kwana ba. Carol Worthman ta Jami'ar Emory da Ryan Brown sun yi nazarin iyalai a birnin Alƙahira da wani ƙauye kusa da Tanta a Masar, suka wallafa a 2007 cewa yawancin barcin da ake yi a gidajen tare da wani ake yin sa, kuma mutane da yawa suna raba barcinsu biyu, na dare da na rana. Kwana da wani bai lalata barcin ba. Masu kwana tare ma sun fi samun tsayayyen lokaci da ƙarancin farkawa.

Raba barci ba sabon abu ba ne. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna a littafinsa na 2005 cewa mutanen Turai kafin zuwan fitilun zamani suna maganar barcin farko da barci na biyu, da ɗan zama a tsakani. Ya kuma kawo misalin Tibi na Najeriya daga rubutun Paul Bohannan na 1953, inda aka samu irin waɗannan kalmomi a yadda suke rarraba dare. Wutar lantarki tana sauya wannan tsari. Horacio de la Iglesia ya kwatanta al'ummomi biyu na ƙabilar Toba a Ajantina a 2015, ɗaya da lantarki ɗaya babu, ya ga masu lantarkin suna kwanciya a makare, barcinsu kuma ya fi gajarta.

Abin da ya fi cutarwa shi ne cunkoso da hayaniya da zafi, waɗanda ke tafiya da talauci. Yaron da ke kwana a falon da ake kallon talabijin ba zai yi barci ba sai na ƙarshe ya tashi.

A ƙasar Hausa

A gidajen Musulmi, lokacin tashi ba ƙararrawar makaranta ce ke tsayar da shi ba, sallar asuba ce. A Kano alfijir yana ketowa tsakanin ƙarfe 5 saura kwata da 5 da rabi, gwargwadon lokacin shekara. Wanda za a tashe shi ƙarfe 5 da kwata, idan ana so ya samu awa 8 a haɗe, sai barci ya ɗauke shi ƙarfe 9 da kwata, awa ɗaya da wani abu ke nan bayan isha'i, a shekarun da jikinsa ke cewa da sauran dare. Tsarin gargajiya ya cike wannan giɓi ta hanyoyi biyu, komawa barci bayan asuba ga wanda ya samu dama, da kuma ƙailula. Ɗalibin da ke fita boko da safe, ya wuce Islamiyya da yamma, ya dawo ga aikin gida, yakan rasa duka biyun.

Addini ya yi magana a kan tsarin kwana a gida. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta uku na keɓewa da ƙananan yara za su nemi izini kafin su shiga wurin manya: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan isha'i. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umarni da raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, Buhari kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta.

Fasalin gidan Bahaushe yana raba maza da mata a daidai shekarun balaga, kuma wannan yana raba barcinsu. Yarinya tana ci gaba da kwana a cikin gida, a ɗakin uwa ko na kaka, inda ake ganin shigarta da fitarta. Namiji kuwa ana fitar da shi zuwa ɗakin samari a wajen zaure ko shago mai ƙofa a waje, sau da yawa tare da sa'o'insa. Ya samu 'yanci, amma babu mai ganin lokacin da ya kashe fitila. 'Yan mata suna da mai sa musu ido, sai dai nasu barcin ta gefen safe yake guntulewa: hura wuta, ɗebo ruwa, shara, shirya ƙanne, da fita tallan koko ko ƙosai. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin ayyukan yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta bayyana yadda sana'ar matan da ke cikin kulle ta dogara ga yaran da ke kai musu kaya kasuwa. Zance da ake zuwa yi bayan isha'i shi ma yana cin wani ɓangare na daren budurwa. Almajirin tsangaya kuwa ba ya gaban iyayensa, malam da jadawalin karatun dare da na asuba su ne ke tsaye a matsayin dokar gida.

A da, hasken farin wata ne ke tsawaita dare, a yi tatsuniya a tsakar gida da gaɗa a dandali, idan wata ya yi duhu a kwanta da wuri. Yanzu waya ta raba dare da wata. Kamfanonin sadarwa a Najeriya sun daɗe suna sayar da data mai rahusa ta tsakar dare zuwa asuba, kafin nan kuma an yi zamanin kiran dare kyauta. Ga ɗalibin da kuɗinsa kaɗan ne, wannan farashi gayyata ce zuwa kwanan zaune. Rashin tsayayyar wuta yana ƙara nasa: idan an kawo ta ƙarfe 11 na dare, a lokacin ne gida ke tashi, a yi guga, a sa caji, a kunna kallo. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ɗaki ba ya kwantuwa sai dare ya raba, ga sauro ga ƙarar janareta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sai zafin cikin jiki ya ɗan sauka barci ke samuwa.

Sai shayi da goro, waɗanda duka suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke toshe wurin da adenosin ke aiki a ƙwaƙwalwa. Jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha, don haka shayin ƙarfe 9 na dare yana nan da ƙarfinsa ƙarfe 1. A biranen Nijar samari suna taruwa a majalisun da ake kira fada, suna dafa shayi zagaye uku suna hira har tsakar dare, kamar yadda Adeline Masquelier ta bayyana a littafinta na 2019.

Watan azumi yana juya jadawalin gida gaba ɗaya: buɗa-baki, tarawihi, tashe a tsakiyar wata, tahajjud a goman ƙarshe, sannan sahur kafin alfijir. 'Yan matan da ke taya girkin sahur su ne ke riga kowa tashi.

Makaranta

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta nemi a 2014 cewa kada makarantun sakandare su fara darasi kafin ƙarfe 8:30. Garin Edina a jihar Minnesota ya riga ya gwada jinkirta shiga aji tun 1996. Da birnin Seattle ya mayar da lokacin daga 7:50 zuwa 8:45 a 2016, na'urorin da aka ɗaura wa ɗalibai sun nuna ƙarin barci na minti 34, domin ba su ƙara jinkirta kwanciya ba kamar yadda masu suka suka yi hasashe. Jihar Kalifoniya ta mayar da 8:30 doka ga manyan sakandare, ta fara aiki a 2022. Cikin masu adawa da irin wannan sauyi akwai iyaye, musamman masu fita aiki da sassafe da waɗanda suka dogara ga babban yaro ya dawo da wuri ya kula da ƙannensa.

Lokacin da abin ya zama ciwo

Ba kowace makara ce rashin tarbiyya ba. Akwai lalurar jinkirin lokacin barci, wadda ta fi bayyana a shekarun balaga: mai ita ba ya iya barci sai ƙarfe 2 ko 3 na dare ko da ya kwanta da wuri, tashinsa da safe kuma sai da ƙyar, amma idan aka bar shi a ranar hutu yana yin cikakken barci lafiya. Ana magance ta da tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum har da ranakun hutu, da fita cikin hasken rana da safe, da rage haske da dare, wani lokaci kuma likita ya ba da melatonin a ƙayyadadden lokaci. Minshari mai ƙarfi tare da ɗaukewar numfashi alama ce ta toshewar hanyar iska, wadda a yara da matasa takan samo asali daga kumburin 'yan wuya ko ƙiba. Mai wannan lalura ba ya jin kansa, don haka wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ne yakan fara lura. Dannau, wato farkawa a kasa motsi na ɗan lokaci, shi ma yakan fara ne a waɗannan shekaru, kuma ya fi zuwa wa wanda barcinsa ya yi ƙaranci ko lokacin kwanciyarsa ke yawan sauyawa.